Littafin Mantiƙin Kawu

Wataƙila tsufa ya jirkita mini wasu abubuwa. Lokacin da nake koyarwa a Haɗejiya, wani Bature mai duba makarantu ya ce ilimin tunani a Girka ya faro, a Turai ya girma, bai taɓa ƙetaro hamada ba. Na ɗauko masa littafin mantiƙin kawuna, wato ilimin tunani, rubutun hannu daga Barno, ban nemi izinin kawu ba. Ina jin cewa ya yi layu ne, ya tafi da shi wai zai duba. Har kawu ya rasu littafin bai dawo ba. Ban yafe ba. Duk ajin falsafar da na koyar, da labarin ɓarawon nan nake farawa. Wanda ya shaida abin, in na kuskure, don Allah ya aiko da gyara.