Kifi Ɗaya da Layin da Ba Ya Kai Sifili

A ƙauyenmu da ke bakin ruwa kusa da Wara, wurin bandar kifi muke hira bayan magariba. Kaka, mahaifiyar Baba, tana juya kifi a kan wuta, mu kuma hayaƙi na cin idonmu amma ba mai tashi.

Shekarar da jirgi ya kife da ƙanen Baba, matar marigayin, Hajo, ta dawo gidanmu da yara huɗu. Kamun kifi ya yi ƙaranci. Baba ya fara maganar a mai da su Shanga wurin danginta, ita kuwa ba ta da kowa can sai wani kawu makaho. Kaka ta bari sai da ya zauna gefe yana ɗinkin raga, sannan ta ɗaga murya ta fara tatsuniya.

"Ga wata nan ta hito daga ruwa."

"Ta iso mu ji!" muka amsa.

Wai aljanin ruwa ne ya ba wata tsohuwa da maƙwabcinta kifi ɗaya ɗaya. Tsohuwa ta dafa nata, baƙi suka yi ta sallama, ita kuma tana ta rabawa, har rabon kowa ya koma kamar ƙwayar gero. Na ce, "Kaka, ai ya ƙare ke nan." Ta daka mini tsawa: "Kai, rufa min baki! Mi ya ƙare? Ƙanƙancewa ya yi, kowa dai ya lasa." Shi kuwa maƙwabci ya kori baƙi, ya kori matarsa, ya kulle kifin a ɗaki ya hana har kansa. Duk sanda masu ci suka ragu, kifin ya ƙara kumbura, har ya tsage ɗakin ya danne shi.

Baba ya ce, "Inna, na ji." Hajo ba ta tafi ba.

Yanzu lissafi nake koyarwa a wata sakandare a Yelwa. Idan muka zo kan asimtot, wato layin da zane ke ta matsowa kusa da shi, sai in rubuta ɗaya bisa x a allo. Na sama kifi ne, na ƙasa masu ci. In ce su nemo inda na ƙasa zai zama sifili, nan ne asimtot na tsaye, inda amsa ke kumbura ba iyaka. Sannan su bar x ya yi ta girma. Tunda ƙarfin x na ƙasa ya fi na sama, amsa za ta yi ta sauka wajen sifili ba ta kai ba, wannan ne na kwance. Wallahi ko ɗaliban bayan aji suna kama shi.

Na taɓa ba Hajo wannan labarin ina alfahari, lokacin ta tsufa. Na ce ashe Kaka ta yi daidai, rabon kowa bai taɓa kai sifili ba. Hajo ta dube ni.

"Ɗan nan, kai yaro ne lokacin," ta ce. "Ni ke wanke kwanoni. Daminar nan duka, kwanon kakarka a bushe nake ɗauko shi da dare, abinci bai taɓa shi ba."