Ruhewar Baba Tsoho

A zamanin mulkin farar hula na biyu na samu aikin ƙididdigar amfanin gona. Aka ba ni babur da jakar takardu, aka ce ƙauyukan Bodinga da Shagari nawa ne. Aikin ba wuya: in je ƙauye bayan girbi, in zauna a zaure, in tambayi kowane magidanci dami nawa ya ɗaure, in rubuta. Ni kuwa ina ji da kaina sosai, ko biro a gaban riga nake maƙala shi don a gani.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, da ke irin wannan aiki a Nijar. Duk zuwan da zai yi gida sai mun kwashi gardama kan wace ƙasa ce lissafinta ya fi zama gaskiya. Nakan ce mu ne masu ma'aikata da babura da manyan littattafai, su kuwa mutum ɗaya ke yawo ƙauye da ƙauye a kan keke, rahoton ma da Faransanci, manomi ba ya sanin abin da aka ce a kansa. Shi kuma ya ce littattafanmu kauri ne kawai. Su ba sa tambaya, in ji shi. Igiya suke ja a gona, su yanke hatsin wurin da ta kewaye, a sussuka a gabansu, su auna. Ya ce aikina gaisuwa ce da biro. Na ji haushi ƙwarai, don na san akwai ƙamshin gaskiya.

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Aka ce mana da rahotonmu za a duba ƙauyukan da za a kai wa tallafin hatsi. Na zaga wani ƙauye kusa da Dingyadi, duk wanda na tambaya sai ya ce an gode Allah, ya faɗi abin da ya saba samu. A da tsoron haraji ke sa su rage. Bana kuwa kunya ce ke sa su ƙara, don magidanci ba ya faɗa a zaure, gaban maƙwabta da surukai, cewa ba zai iya ci da gidansa ba. Na dubi takardata, ƙauyen ya fito kamar ba abin da ya same shi. In na miƙa ta haka, ko tiya ba za su gani ba.

Akwai wani dattijo a can, aminin mahaifina, muna ce masa Baba Tsoho. Shi ya fi kowa ƙara lissafi. Na koma wurinsa da hantsi, lokacin zauren ba kowa, na durƙusa na roƙi ya bar ni in leƙa ruhewarsa, rumbun ƙasa da yake ajiye gero. Wannan rashin kunya ne babba, ko ɗansa na cikinsa ba ya yin haka. Ina gama faɗa na yi nadamar buɗe baki. Daga baya ya tashi da kansa ya jingina mini tsani.

Na hau na ɗaga murfin. Damman da ke ciki ko ƙasan ba su rufe ba, a gidan da ke da mata da jikoki. Na sauko ban iya haɗa ido da shi ba.

Ya ce, "Mi kag gani, ɗana?"

Na ce na gani, Baba.

Ya gyara hularsa, ya ce, "Duk garin ga haka mu ke. Rubuta, ko yara su samu. Amma don darajar ubanka, kak ka sa sunana."