Yaya Lawal da Binnen Bana

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Lawal, mutumin garinmu Dudunni na farko da ya ci abinci da ruwan teku. Ya yi aiki a jirgin bincike can gaɓar Legas, suna zura na'ura da igiya su auna ɗumin ruwa da gishirinsa. In ya zo hutu sai ya ce damunarmu a teku ake ɗora ta, iska ce kawai ke kawo mana.

Baba kan yi dariya ya ce, "Kai Lawal, mi ya haɗa teku da geron Dudunni?"

Wata shekara ya hana mu binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Ya ce awonsu ya nuna ruwan farko zai yaudare mu, iri ya tsiro ya ƙone. Baba ya bi maganarsa. Ruwa kuwa ya sauka bai ɗauke ba. Maƙwabta suna noman farko, mu muna shuka. Tun daga ranar aka laƙaba masa Malamin Kifi, har a majalisa.

Ya ji ciwon abin, ni ma na ji. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Ƙane, kunnuwanmu a ruwa ba su da yawa. Jirgi ɗaya ba ya jin teku duka."

Da yana raye da ya sha kallo. Yau na'urori ne birjik suke yawo su kaɗai, su nutse, su taso, su aika abin da suka ji ta tauraron ɗan'adam. An ce ana ƙera waɗanda za su riƙa magana da junansu a ƙarƙashin ruwa. Hasashen damina kuma yana shigowa wayata da Hausa. Na tabbata da ya fara da tsokanar Baba, sannan ya ja mana kunne cewa hasashe ba alkawari ba ne, ruwa na Allah ne.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bar mini shi ne na kasa kallon hadari ban tuna inda ya taso ba. Ina kewarsa ƙwarai.

Bana saƙon hasashen ya ce a dakata. Jama'a duk sun yi binne, har ƙannena, kuma irin da ke hannuna shi ke nan, ba ni da wani. Jiya Kawu Sule ya tsaya bakin gonata ya ce, "Kai ma wanga ciwo na Malamin Kifi ya kama ka?"

Na ce masa e. Allah ya jiƙan Yaya. Har yanzu ban shuka ba.