Hotunan Turaren Yayata

Yayata ta daɗe tana haɗa turaren wuta a gidanta da ke Ƙofar Kwaya, tana kai wa masu shaguna a Babbar Kasuwa. Da ta fara talla a waya, ni nake ɗaukar mata hoton kwalaben in na taso daga makarantar da nake koyarwa, don wayata ta fi tata fitar da hoto.

Wata Asabar ta aiko kirana. Ina zuwa ta miƙo mini waya, ranta a ɓace. Wata mata a wani gari ta kwashe hotunan tana tallar nata turaren da su, har da sunan da Yaya ta raɗa wa kayanta.

"Kuma na yi wa sunan nan rajista," in ji ta. "To mi amfaninta?"

Ni ma ban sani ba. Sai muka shiga gidan maƙwabciyarta, wata lauya 'yar kudancin Kaduna, muka tarar tana tsinkar zogale a tsakar gida. Bayan an gaisa, Yaya ta zayyana mata komai.

"Hajiya, rajistar da kika yi ta sunan kasuwanci ce," in ji lauyar. "Hukuma ta san kina sana'a da shi. Amma sunan da ke jikin kwalba, rajistarsa daban, ta tambarin kaya. Ofishin ma ba ɗaya ba ne."

"To hotunan fa?"

"Wa ya ɗauka?"

Yaya ta nuna ni da haɓa.

"To, a doka na Malam ne."

Na yi dariya, na zaci zolaya ce. Ta ce da gaske take. Kwalba da turare na Yaya ne, amma wanda ya zaɓi haske ya danna, shi ke da hoton, ko bai yi rajista ba, sai in ya mallaka mata a rubuce. Yaya ta yi ta kallona kamar ranar ta fara ganina.

Na jawo kujera na zauna sosai. Na ce, "Barista, ƙamshin fa? Wa ke da shi?"

"Haɗin sirrin sana'a ne. Muddin Hajiya ta kama bakinta, doka tana bayanta."

A nan tsakar gidan ta faɗa mini abin da zan rubuta wa matar, ba zagi, ba barazana. Na tura. Matar ta cire hotunan da sunan, ta ba da haƙuri, ta ce ita a zatonta duk abin da ke waya na kowa ne.

Daga baya Yaya ta yi rajistar tambarinta, ni kuma na rubuta na mallaka mata hotunan. Amma ban daina leƙa gidan Barista ba. Na taɓa tambayarta ko darussan da nake tsara wa ɗalibai nawa ne ko na makaranta. Ta ce in kawo takardar ɗaukata aiki mu karanta tare.