Akun da Baffa Isa Ya Kawo

Ranar wata Laraba ce da la'asar, cikin kakar shekarar da na shiga aji huɗu a firamare, Baffa Isa ya yi sallama a gidanmu na Kiru riƙe da wani abu lulluɓe da tsohon buhu. Ƙanin mahaifinmu ne, direban babbar mota mai ɗauko goro daga kudu. Ya bar motar a Kwanar Dangora, ya hau acaɓa ya ƙaraso. Muna zaune a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, ni da ƙanena Sani da Gwaggo Rabi, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar mijinta. Da Baffa ya yaye buhun sai ga keji na waya, a ciki wani tsuntsu mai ruwan toka da jar jela ya maƙale a kusurwa yana kallonmu da gefen ido. Aku ne, abin da ban taɓa gani ba sai a littafin makaranta. Kafin a ce kul, Sani ya zura yatsa ta tsakanin wayoyin. Ƙarar da ya ƙwalla har maƙwabta sai da suka leƙo, jini kuwa ya ɓata masa gaban riga.

Baba ya dawo daga gona ya tarar Inna tana ɗaure wa Sani yatsa da tsumma. Ya saurari abin da ya faru, sannan ya ce wa Baffa ya gode da tsaraba, amma gidan yara ba wurin ajiye abin da ke cizo ba ne. Baffa kuwa da safe zai wuce Kano sauke kaya, babu inda zai kai tsuntsu. Aka tsaya a kan akun zai zauna har Baffa ya dawo daga tafiya ta gaba, idan bai daina cizo ba a mayar da shi mota. Aka rataye kejin a reshen gwaibar da ke bayan ɗakin girki, aka hana mu matsawa kusa. Muka sa masa suna Ɗan Kurmi.

Ni kam tun ranar raina ya biya. Idan na dawo daga makaranta na ɗebo ruwa na cika randa, maimakon in fita wasan carafke da ƙawayena, sai in zagaya bayan ɗakin girki. Na miƙa masa gyaɗa ya kai mini cafka, na fizge hannu da ihu. Yaran unguwa suka riƙa zuwa suna tsokanarsa da kara suna dariya, shi kuma yana wani irin gurnani. Gwaggo ce ta kore su da muciya. Ta daɗe tana kiwon kaji da tantabaru, ta san halin tsuntsu. Ta zaunar da ni ta ce, "Binta, tsoro ne ke sa shi cizo. An raba shi da dajinsu, an sa shi a mota, yanzu kowa na kawo masa hannu. Ke ma da haka za ki yi." Ta ce kada in sake miƙa masa komai, in dai zauna kusa da shi in yi harkata har ya gaji da jin tsorona.

Haka na yi. A gindin gwaibar nan nake wanke-wanke, a nan nake tsince shinkafa, a nan nake bitar allona da ƙarfi kafin in tafi makarantar yamma. Da farko baya yake ba ni. Sannu a hankali ya fara matsowa gefen da nake, yana karkata kai yana saurare. Gwaggo ta koya mini in riƙa duban idonsa da gashin wuyansa: in ƙwayar idon ta tsuke, gashin ya miƙe, to in janye, ba ya son kowa a lokacin. Muka riƙa sa masa guntun rake da ɗanyen reshen gwaiba yana ɓarzawa, don bakinsa ya samu abin yi. Daga nan na fara ba shi gyaɗa a kan dogon kara, kullum ina rage tsawon karan, har ranar da ya karɓa daga yatsuna. Ya cije ni sau ɗaya bayan haka, a babban yatsa, ciwon har cikin kaina. Na cije leɓe ban yi ƙara ba kamar yadda Gwaggo ta ce, na ajiye gyaɗar na juya masa baya na tafi. Da ya ga cizo ba ya kawo masa komai sai zaman kaɗaici, sai ya daina.

Ranar da Baffa ya dawo, na fito gaishe shi da Ɗan Kurmi a wuyan hannuna, ya sunkuyar da kai ina sosa masa ƙeya. Baba ya daɗe yana kallonmu. Washegari da ya dawo daga kasuwa sai ya miƙo mini rake, ya ce na tsuntsu ne. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a ƙuruciyata. Ina sharar tsakar gida yana kan kafaɗata, ina kai wa Baba abinci gona yana ihu har sai na dawo. Ya iya amsa sallama, ya iya kukan akuya har Inna ta sha fitowa da gudu tana zaton an shiga mata hatsi. Sai dai ni kaɗai yake yarda in taɓa shi. Mun so Sani ya saba da shi, amma tsoron cizon farko bai bar shi ba.

Da na gama firamare aka kai ni makarantar kwana, a daidai lokacin da Gwaggo ta koma Doguwa jinyar 'yarta. Da na zo hutun farko na tarar da Ɗan Kurmi ya fige gashin ƙirjinsa tas, fatar a waje, ya rame. Inna ta nuna mini hannunta inda ya cije ta tana sa masa ruwa. Ya ƙi kallona har yamma. Can ina zaune a gindin gwaiba sai na ji an ce, "Binta, zo nan," da muryar Gwaggo sak, har da ɗan tarin da take yi. Na waiwaya babu kowa sai shi. Ya hau hannuna ya cusa kai a mayafina. Kafin hutu ya ƙare gashin ya fara tsirowa, sai kuma lokacin komawa makaranta ya yi.

Hutu na biyu babu keji a reshen. Baba da kansa ya kira ni zaure ya ce, "Na ga yana cin kansa, Binta, mu kuma ya ƙi mu. Na ba wani abokin Baffanki da ya saba kiwonsu." Na san gaskiya ya faɗa, don haka ban yi musu ba, na shiga ɗaki na yi kukana. Daga baya Baffa ya nemi mutumin a Kwanar Dangora, aka ce ya tashi da iyalinsa, ba a san garin da ya koma ba. Gwaggo ba ta dawo Kiru ba, a Doguwa Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu an sare gwaibar an yi ɗaki a wurin. 'Ya'yana suna ɗaukar muryar kowa a waya, har tawa in ina faɗa, su kunna suna dariya. A lokacinmu babu wannan, ko hoton Gwaggo ba mu da shi. An ce aku yana iya kai shekarun mutum, don haka wataƙila yana nan da rai a wani gida, yana kiran sunana da muryarta, mutanen gidan ba su san ko wace ce Binta ba. Ina fatan dai ya samu mai zama kusa da shi.