Robar Bakin Injin Malam Ayuba

Malam Ayuba mutumin Cadawa ne, kuma duk wanda ya taɓa kai aya kasuwar Agiye ya san tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya. Da noma ya fara, kamar mahaifinsa, har ciwon baya ya raba shi da hauya ya koma tuƙi. Ba ya gudu, ba ya faɗa da masu kaya. Ni dai na san shi a kan bencin mai shayi a tasha, inda yakan zauna jiran lodi, kuma a nan ya ba ni wannan labari, yana yi yana kallon ƙasa.

Da kakar bara motar ta fara ɗigar da baƙin mai ta gaban inji. Kullum da safe sai ya tarar da baƙin tabo a inda ta kwana. Ya san ciwon: zoben robar da ke riƙe mai a bakin injin ne ya ƙeƙashe. Ya kuma san in man ya ƙare a hanya injin zai ƙone, sana'arsa ta tsaya.

Bakanike ɗaya ne ya yarda da hannunsa a garin, wato Zaharaddini. Sai dai Zaharaddini shi ke auren Nazira, 'yar farin Malam Ayuba, wadda ko sunanta ba ya faɗa. Tun da aka ɗaura auren ba su taɓa cin abinci wuri ɗaya ba. In Malam Ayuba ya hango shi a hanya sai ya ratse. Yaya zai je ya tsaya a kan surukinsa, ya ce masa kwanta ƙarƙashin motata? In ya kai ta wani gareji kuma, gari zai ce ya raina mijin 'yarsa.

Sai ya kama gyara a gida. Ya shafa sabulu a wurin, ya ɗaure da robar taya, ya liƙa ƙaro. Duk a banza. Da sassafe yakan ɗebo yashi ya rufe tabon kafin maƙwabta su fito.

"Ayuba, motar taka fitsarin kwance take yi ne?" in ji Ɗantala mai lodi, a gaban mutane. "A sa mata tsumma mana!"

Matarsa Baturiya ta gaji. "Malam, yaron nan kullum ta ƙofar gidan nan yake wucewa. Kana tsammanin ba ya da ido?"

"Ke dai ki bar ni."

Ashe ta riga ta faɗa wa 'yarta. Ran nan Nazira ta aiko da kwanon dambu, a kan murfin kuma ga sabon zoben roba a ƙulle cikin leda. Ba saƙo, ba bayani. Malam Ayuba ya ce ya daɗe yana juya shi a hannu kafin ya iya cin abincin.

Washegari ya ja motar bayan gida inda ba mai gani. Ya sassauta bel, ya kwance ƙarfen da bel ke juyawa a kai, ya ƙwaƙulo tsohuwar robar da ta bushe kamar ƙirgi. Ya goge wurin tas, ya shafa wa sabuwar mai, ya buga ta a hankali da guntun katako har ta zauna. Abin da bai sani ba, robar tana da gaba da baya. Gefen da ke da siririyar waya shi ke kallon cikin inji. Shi kuwa ya juyo da shi waje.

Ranar kasuwa ya ɗauki buhunan aya da masu su. Bai yi nisa da gari ba jar wutar mai ta kama a gabansa. Ya kashe mota nan take. Da ya leƙa, mai na tsiyaya a kan kwalta. Kafin ya buɗe baki, wata mai aya ta riga ta kira bakanike a waya.

Zaharaddini ya iso a kan babur. Ya cire takalmi a bakin hanya, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana? Ya gajiya?"

"Lafiya," in ji Malam Ayuba, fuskarsa na kallon gonar wani.

Ya koma gindin wata bishiyar bedi ya zauna, ya ba motar baya. Yana jin ƙarar sifana. Can ya ji aikin ya tsaya shiru, ya san an ga abin da aka gani.

"Me ya same ta?" mai ayar ta tambaya. "Wa ya taɓa ta?"

"Robar ce ba ta da kyau, Inna," in ji Zaharaddini da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Ni na saye ta ban duba ba. Laifina ne."

Ya sa wata da ya zo da ita, ya zuba mai, injin ya tashi lafiya. Robar da ya cire kuwa ya jefa ta aljihu, bai bar kowa ya gani ba. Ya sake durƙusawa ya yi sallama ya tafi.

Malam Ayuba ya ce da yaron ya faɗi gaskiya a gaban mutane, da ya fi masa sauƙi. Har yau motar ba ta ƙara ɗiga ba, kuma har yau bai samu bakin da zai gode masa ba. Na tambaye shi ko zai aika a faɗa masa. Ya girgiza kai.

"In na gode, ai ya san na gane," in ji shi.