Baba Ya Taka Gansakuka

'Yan'uwa, yau Baba ya faɗa tafki a gabana!

Da safe muka tafi gonarsa ta Zungur. Kun san tafkin bakin hanya? Da damina ruwansa garau yake, amma da zafin nan gansakuka ta rufe shi, kore shar. Kawai Baba ya miƙe ya taka. Tsundum! Har ƙirji!

Na jawo shi. Na ce, "Baba, ba ka ga ruwa ba?"

Ya matse rigarsa. Can ya ce, "Istifanus, na ɗauka ciyawa ce. Tun bara idona ke hazo. Kada ka gaya wa uwarku, za ta hana ni zuwa gona."

To, ban gaya wa Mama ba, ku na gaya wa. Wa zai raka mu asibitin ido gobe?